Goro a Durowar Malam Ma

Ɗalibanmu na Alƙahira da ke unguwar Hay el-Sabi' sun mayar da bencin shagonmu wurin hutawa bayan la'asar. Su zauna su zuba mini ido ina auna magani, suna ta surutu. Kwanan baya ɗayansu, wani ɗan Gusau mai baki, ya ce, "Baba Mudi, wallahi kai ka huta. Ka ja durowa, ka ɗebi ganye, ka ƙunshe a takarda, khalas, shi ke nan. Ni ma in nahawu ya ƙi ni, nan zan dawo." Na ɗauko yanka biyu na saiwa na sa masa a tafin hannu, na ce ya nuna mini wadda ake ba mai gudawa da wadda ake ba mai ƙishirwar zazzaɓi. Ya juya su, ya shinshina, ya ce, "Baba, ai duk rogo ne." Saboda shi da irinsa nake wannan rubutu.

Ni a cikin magani na tashi. Mahaifina yana shimfiɗa sassaƙe da saiwoyi a kasuwannin ƙauye na ƙasar Katsina, ni nake ɗaukar masa buhu. Da na girma ƙafa ta ja ni. Na yi shekaru a Omdurman a shagon wani attar, wato mai sayar da kayan ƙamshi da ganyayen magani, na yi Jidda, sannan na daɗe a Guangzhou ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta wurin lodin kaya. A can na koyi Sinancin kasuwa, wanda ya isa a yi ciniki a yi faɗa a shirya. Rubutunsu kuwa har yau kallonsa nake kamar zanen tabarma. Alƙahira rakiyar wani ɗan kasuwa na zo, shi ya koma, ni na maƙale.

Wata Juma'a a ƙofar masallaci wani tsoho mai farar hula da siririn gemu ya taka mini takalmi, ya ba ni haƙuri da Sinanci don bakinsa ya riga shi. Na amsa masa da Sinanci. Ya tsaya ya dube ni daga sama har ƙasa. Shi ne Malam Ma, Musulmi daga arewa maso yammacin Sin, sunansa na yanka Yunusa. Ya biyo ɗansa ne da ya zo karatu. Ɗan ya gama ya koma, shi kuma 'yan ƙasarsu masu gidajen abinci da masu tallan tufafi gida-gida suka ƙi barinsa ya tafi, domin shi kaɗai ne a unguwar ya san maganinsu na gida. Larabcinsa na littafi ne, in ya yi magana direban tasi sai ya ɗauka huɗuba za a fara. Yana neman wanda zai tsaya tsakaninsa da Sudanawa da sauran baƙaƙen fata da suka fara ƙwanƙwasa masa ƙofa. Haka na zama ɗan koyo ina da furfura.

Aikina na farko tsince tsakuwa ne. Wata shida ina zaune da faifai, ina fitar da ƙasa da ƙwari daga busasshen fure, ina hawa da kaya saman bene in shanya in sauko da su. Daga nan aka ƙara mini girma zuwa niƙa. Abin niƙan wani ƙarfe ne mai kamar kwale-kwale, da faifan ƙarfe mai hannu biyu da kake murzawa da tafin ƙafa kana zaune a kujera. Kwana uku da farawa na kasa hawa matattakala. Sai ƙunshi: takarda mai kusurwa huɗu, ninki biyar, ba zare ba gam, kuma in an jefa ƙunshin a ƙasa kada ya buɗe. Malam Ma da gaske yake jefawa.

Kabad ɗin magani ya cinye bango guda, durowa kan durowa, kowace da sunanta a rubuce. Tunda ban iya karatun ba, sai na haddace su da siffa da wari. Wannan mai kamar mutum ya ɗaga hannu ɓawon lemo ne da ya shekara. Waccan mai kamar tsani jar magaryarsu ce, wadda ta ninka tamu girma. Da yawa na tarar tsofaffin abokai ne da suka canza riga: citta, kirfa, kanumfari, da saiwar zaƙin nan da Misirawa ke jiƙawa su sha da azumi. Bambancin shi ne mahaifina kan ɗebi magani da hannu ya ce "wannan ya isa," attar na Omdurman kan auna da sikelin shinkafa, shi kuwa Malam Ma da ɗan sikelinsa yake aiki, sandar ƙashi mai tsawon ludayi, da faranti na tagulla da ɗan nauyi a rataye da zare. Shekara biyu na yi kafin ya bar ni na taɓa shi. Ranar bai yi wani jawabi ba. Ya ajiye shi a gabana ya tafi shan shayi.

Auna magani rabin aiki ne, sauran rabin koya wa mutum yadda zai dafa. A tukunyar ƙasa, ba ta ƙarfe ba. A jiƙa tukuna, a zuba ruwa kwano uku, a bar shi a ƙaramar wuta har ya koma kwano ɗaya, a tace, a sake dafa tukar. A nan ake gane halin kowace al'umma. Basine ba ya tambaya, sai dai ya buɗe ƙunshin ya shinshina ya ga ko sabo ne. Bamisire zai ce tamam, tamam, sannan a bakin ƙofa ya juyo ya tambaya cokali nawa na sukari. Ɗaliban Indunusiya sukan rubuta komai a littafi. Namu kuwa abu biyu nake roƙonsu kullum: kada a jefa kanwa, kuma kada a raba. Bahaushe in magani ya yi masa daɗi sai ya zuba a gora ya kai wa maƙwabcinsa mai ciwon ƙafa. Na gaji da bayanin cewa wannan ƙunshin an haɗa shi ne don jikin mutum ɗaya, a wannan makon kaɗai. Har akwai mai zuwa ya ce a ba shi na ciwon bayan gyatumarsa da ke Funtuwa. Malam Ma kan ce, "Kawo mini hannunta." Wanda kuma ya zo da ƙari a jiki, ko tari da jini, ko ciwon ƙirji, ko shayi ba ma ba shi, asibiti muke nuna masa.

Domin shi Malam Ma da abu biyu yake gane ciwo. Yakan ɗora hannun mutum a ɗan matashi, ya sa yatsu uku a kan jijiya ya yi shiru kamar mai sauraron rediyo mai nisa. Sannan ya ce a fito da harshe, ya dubi launinsa da abin da ya kwanta a kansa. A lissafinsu ciwo ko na zafi ne ko na sanyi, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. Wannan bai ba ni mamaki ba, mu ma muna da ciwon sanyi da na zafi, sai dai mu ba mu tsaya muna leƙa bakin mutane ba.

Muguwar shekararmu ita ce ta annoba, lokacin da jirage suka daina tashi. Kaya suka daina zuwa, Sinawa da yawa suka tafi gida ba su dawo ba, mutanen layi suka riƙa tsallaka titi in sun hango Malam Ma. Durowa ta riƙa ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ni na riƙa kai shi wurin attarai na tsohon gari, yana tauna wannan yana tofar da wancan, har muka sami abin da zai riƙe mu. Muka fita daga shekarar da rai, amma sanyin da ya biyo baya ya kama masa yatsu. Ya haura saba'in a lokacin. Kafin ya taɓa jijiyar kowa sai ya riƙe kofin shayi mai zafi ya daɗe. Na sha ganinsa yana matsa kan yatsunsa da farce yana duban su.

A cikin wannan sanyin Baba Ɗan'azumi ya zo. Tela ne a Hayyin Ashir, wata unguwa a nan Alƙahira, Bahaushen Sudan, kakanninsa Haɗejawa ne da suka tafi Makka a ƙasa suka zauna a hanya. Da ya ji ni Bakatsine ne sai wasa ya ƙullu, ba ya kirana sai "bawana." Cikinsa ne ya kumbura, abinci ba ya shiga. Ya je asibiti an yi hoto an yi gwaji ba a ga abin tsoro ba.

A ranar ina da dukiya a aljihu. Wata Hajiya ta taho mini da jan goro daga Kano, ɗanye, a naɗe a ganye. Wanda bai zauna a Masar ba ba zai san darajar wannan ba. Malam Ma ya hana cin komai kusa da magani, don haka a bencin waje nake cin nawa in na samu, shi bai taɓa kula ba. Dattijo ya zo yana jiran layi, ina da goro, me zan yi? Na fasa na miƙa masa ɓari.

"Kai, bawana, yau ka yi abin kirki," in ji shi. "Rabona da wannan tun bikin 'yata."

Ya yi rabin awa yana tauna, ya kuskure baki a famfo, muka shiga.

Malam Ma ya ɗumama yatsu ya ɗora. Ya daɗe a hannun dama, ya daɗe a na hagu. Na ji yana cewa a hankali, "Can ƙasa yake, a hankali yake tafiya. Sanyi ne." Sai ya ce a fito da harshe. Harshe ya fito ja, da wani rawaya-rawaya a kwance a kai. Malam Ma ya ɗaure fuska.

"Tambaye shi, ya ci wani abu da safen nan? Kofi, zoɓo, mangwaro, alewa?"

Na juya na ce, "Baba, ka karya? Ka sha shayi ko kofi?"

"Ya zol," wato "kai mutum" a bakin Sudanawa, "da wane cikin? Tun jiya ban sa komai a cikina ba."

Na ce wa Malam Ma, "Bai ci komai ba." Kuma har ga Allah ni da Baba Ɗan'azumi gaskiya muka faɗa a saninmu. Wa ke lissafa goro a cikin abinci?

Malam Ma ya dubi harshen, ya dubi yatsunsa, ya murza su. Yatsu sun ce sanyi, ido ya ce zafi. Ya zaɓi ido. Ya rubuta maganin kashe zafi, har da wata rawayar saiwa da ta fi maɗaci ɗaci. Na auna daidai, na ƙunshe da kyau, na yi bayanin tukunyar ƙasa.

Kwana huɗu sai ga matar Baba Ɗan'azumi, Hajiya Batula, tun daga matattakala muke jin muryarta. Mijinta ya kasa zama a kan keken ɗinki, tsakaninsa da banɗaki kawai, ƙafafunsa kamar ƙanƙara. Ta yi mana Larabcin Sudan, da ya ƙare ta koma Hausa. Malam Ma ya ce a tsayar da maganin nan take, a dama masa ruwan shinkafa da citta, in bai tsaya ba zuwa gobe a kai shi asibiti. Sannan ya sa hularsa muka hau ƙaramar bas zuwa Ashir. Ya taɓa jijiya: sanyi. Ya dubi harshe: fari fat, babu ja babu rawaya.

Muka hau bas muka dawo. Da muka shiga shago ya ɗauki ɗan matashin ya jefa a durowar tebur.

"Yatsuna sun mutu, na sani. Yanzu ido ma yana nuna mini abin da babu. Mai magani da ba yatsu ba ido, kashe mutum zai yi. Ƙarshen wata zan tafi gida." Ya nuna kabad da sikeli. "Waɗannan naka ne. Ka sayar da shayi da citta, kada ka duba kowa."

Ya kira ɗansa ya ce a nema masa tikiti. Washegari mutum biyar suka zo, ya sallame su daga bakin ƙofa. Wata tsohuwa Basiniya mai gidan taliya, wadda shekara da shekaru shi ke kula da gwiwarta, ta zauna a benci ta ce to ita yanzu wurin wa za ta.

Ranar Juma'a na koma Ashir dubiya. Gudawa ta tsaya, Baba Ɗan'azumi yana zaune a kan katifa cikin bargo, ya rame amma bakin nan na nan. Ba a zuwa dubiya hannu sake, sai na fito da goro na ƙarshe da ya rage mini. Ya karɓa ya fasa, muna hira yana tauna.

"Bawana, kai da Basinenka kun kusa aika ni. Shi wai karatun harshe yake yi? To ga shi, kai masa ya sake karantawa." Ya zaro mini harshe kamar yaro.

Ja ne, da rawaya a kwance a kai. Shi ne dai harshen ranar nan, ba ragi.

Na ce, "Baba, sake fito da shi."

"Kai, Batula, zo ki ga Bakatsine ya haukace."

A cikin bas na yi lissafin abin da ke gabana. In na yi shiru, ƙarshen wata ina da shago da kabad da sikeli. In na faɗa, ni ne tafintan da aka tambaya ya ce babu, kuma ni na ba da goron da hannuna. Tun bas ba ta fita Ashir ba na sauka na sake zagayawa, har na sami wata mata 'yar Chadi mai sayar da goro a ɓoye cikin bokiti, na sayi biyu.

Da safe na tarar da Malam Ma yana ɗaure littattafansa da igiya. Na tsaya gabansa na fito da harshe.

"Na daina," in ji shi.

"Duba dai, Malam."

Ya ɗaga ido a gajiye. "Harshen tsoho mai yawan shan shayi. Ba komai."

Na zauna a kujerar marasa lafiya, na fasa goro na shiga tauna a gabansa, a ɗakin da ya hana cin ko da dabino. Ya tsaya yana kallona, igiya a hannu. Da na gama na je na kuskure baki kamar yadda Baba Ɗan'azumi ya yi, na dawo na buɗe.

Ya saki igiyar. Ya kama haɓata ya ja ni bakin taga, ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa.

"Mene ne wannan?"

"Goro. Ni na ba shi ranar, a benci."

"Na ce ka tambaye shi ko ya ci wani abu!"

"Na tambaya. A wurinmu goro ba abinci ba ne."

"To mene ne?"

Na yi tunani na ce, "Gaisuwa ce."

Ya zage ni da wani Sinanci na garinsu wanda ban taɓa ji a Guangzhou ba. Sannan ya karɓi ɗaya ɓarin ya gutsura, ya yamutsa fuska, ya tauna a hankali yadda yake yi wa kowace sabuwar saiwa. Ya sha ruwa, ya ɗaga gira da ya ji zaƙin da ke biyo baya. Sai ya buɗe hannunsa na dama ya daɗe yana duban yatsun nan uku.

"Ashe su suka yi gaskiya," in ji shi. "Ni na ƙi jin maganarsu."

Ya fito da ɗan matashin ya mayar kan tebur. Ya ɗauke sikeli daga gabana ya sa a aljihunsa, ya nuna mini kwale-kwalen niƙa da ƙafa. Kwana arba'in na yi a kansa, ina dattijo, ɗalibai na wucewa suna gaishe ni. Baba Ɗan'azumi aka sake haɗa masa na ɗumama ciki, da citta da kirfa a ciki, ya koma kan kekensa. Har yau in ya gan ni a taro sai ya ce a yi hankali da kyautar Bakatsine.

Ranar da na cika kwana arba'in na tarar da sikeli a wurina. Na kuma tarar Malam Ma ya share wata durowa a layin ƙasa, cikin waɗanda annoba ta bari babu komai, ya sa busasshen goro guda a ciki, ya rubuta mata suna da burushi. Na haddace siffar kamar sauran, na ce a raina wannan shi ne goro da Sinanci. Tun daga ranar duk wanda ya zauna a kujerar nan, in namu ne, kafin in tambayi sunansa nake cewa, "Ka ci goro?" Basudane in tambaye shi garin taba na leɓe, Bamisire in tambaye shi kofi da shisha, ɗalibi in tambaye shi alewar tari.

Malam Ma ya ƙara shekara uku yana aiki kafin ya koma gida, don gwiwa, ba don yatsu ba. 'Yar ƙanensa ce ta karɓi kujerar, likita ce da ta yi karatun abin a jami'a. A makonta na farko tana bin durowa ɗaya-ɗaya tana duba kaya, sai na ji ta tuntsire da dariya a layin ƙasa.

Na ce, "Goro ne, na ƙasarmu. Haka kuke kiransa, ko?"

Ta ce, "Baba Mudi, ai ba sunan magani ya rubuta ba."

"To me ya rubuta?"

Ta bi rubutun da yatsa ta karanta mini: "A fara tambayar Mudi abin da ya ba shi."